Shekarar da Na Kira Ɗan Farina da Sunansa

Da ikon Allah yau na iso inda nake ta kewayewa tun da na fara rubutun nan. Na ba ku labarin zuwanmu Alƙahira ni da mahaifinku, na ba ku labarin rasuwarsa, da yadda na ɗora tukunya a unguwar Hayyus Sabi' ina sayar wa ɗaliban gida tuwo da masa har kowannenku ya tsaya da ƙafarsa. Saura maganar babban yayanku. Na san abin da ake faɗa a bayana. Wasu sun ce na raba shi da sana'arsa ne don ina ganin zane haramun ne. Wasu sun ce dama can ba na ƙaunarsa, tunda ba a taɓa jin sunansa a bakina ba. 'Ya'yansa ma da wannan magana suka tashi, ina gani a idonsu in sun zo gaishe ni. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan faɗi abin bi da bi yadda ya faru, in na gama kowa ya yanke hukuncinsa.

Sai na fara da abin da ku haihuwar Masar ba ku gane ba. A garinmu, can ƙasar Haɗeja, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta shiga ɗakinsa in ya girma, ba ta tsayar da shi ta tambaye shi lafiyar jikinsa baki da baki. Alkunya ce. Haka uwata ta yi wa yayana har ta koma ga Allah, haka na tarar, haka na riƙe. Kun taso kuna ganin matan nan suna rungumar ƙattin 'ya'yansu a bakin titi suna kiransu habibi, sai kuka ɗauka abin da nake yi ƙiyayya ce. In ina son magana da shi, ƙanwarsa Rukayya ce tsakaninmu, ko da yana zaune a gabana.

"Rukayya, gaya wa yayanki abinci ya sauka."

"Rukayya, gaya wa Umma na ji. Ki ƙara da cewa gishiri ya yi yawa jiya."

"Ki ce masa gobe ya dafa nasa."

Su yi ta dariya, ni in juya in ci gaba da aikina. Haka muke, kuma babu abin da ya taɓa ɓata tsakaninmu a kan haka.

Maganar haramun kuwa, mahaifinku ne ya kashe ta tun yaron yana firamare. Ba shi da aiki sai zane, a bayan littafi, a kwalin shayi, har a bangon bayan ƙofa. Malam Isuhu, abokin karatun mahaifinku mai shagon littattafai a unguwar Darrasa, ya zo har gida ya ce a tsawata masa. Mahaifinku ya juya takardun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, shi kuma bai ga abin bauta a takardar yaro ba, a bar shi. Abin da maigidana ya bari, ban isa in zo bayan ransa in hana da sunan addini ba. Wannan ku riƙe shi.

Irin zanen da ya koya na mutanen Japan ne, manga ake ce masa. Labari ne ake bayarwa da hotuna, gida-gida a kan shafi, mutanen ciki da manyan idanu da gashi kamar ƙaya, maganarsu a cikin ɗan ƙwai a saman kansu. Abin da ya fara burge ni da shi guda ne, ana karanta shi daga dama zuwa hagu kamar rubutun Larabci. Bayan ya gama makaranta ya ƙirƙiro labarinsa, na wani mahaƙin rijiya da ya yi ta haƙa har ya faɗa wani gari a ƙarƙashin ƙasa, yana neman hanyar komawa wurin iyalinsa. Wani kamfani na ƙasar waje ya gani ya ɗauke shi. Sharaɗinsu kowane mako ya ba da kashi guda, su sa a waya mutane su karanta. Ba a takarda yake yi ba, wani allon gilashi ne da alƙalaminsa. A lokacin ya auri Hindatu, 'yar Damagaram, suna zaune a shaƙƙa, wato sashen bene, da ke samanmu a gini ɗaya, ya ware ɗaki guda na aiki.

Labarin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Aka juya shi zuwa Larabci da Turanci da Faransanci, aka buga shi littafi. Ɗaliban da ke zuwa sayen tuwo suka koma tambayata ko mahaƙin rijiyar zai fito, kamar ni na jefa shi. Shi kansa Malam Isuhu sai ga littattafan a shagonsa, a can ƙasan kanta, ya ce yara ne suka matsa masa. Aka gayyaci yayanku taro a unguwar Dokki, ya dawo yana cewa layin masu son ya sa musu hannu har waje. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ban nuna ba, amma ranar na soya masa kaza na aika Rukayya da ita.

Ni a saninna, in Allah ya buɗa wa mutum a sana'a, sauƙi yake samu. Da tuwona ya karɓu na ɗauki mata biyu, na daina tuƙi da hannuna. Nasa aikin ba haka yake ba. Yadda masu karatu suka ƙaru haka aikin ya ƙaru. Aka ce a ƙara shafuka. Aka ce a sa launi. Aka ce ga bangon littafi, ga hotunan talla, ga amsa wa masu karatu, kuma kashin mako yana nan bai matsa ba. Ya ɗauki mataimaka biyu suna yi masa gidaje da duwatsu daga can inda suke, amma in sun turo sai ya goge rabi ya sake, ya ce ba haka garin yake a kansa ba. Fuskokin mutane kuwa bai taɓa bari wani ya taɓa ba. Kamfanin ba su san Juma'a ba, ba su san azumi ba, ba su san an yi haihuwa ko rasuwa ba. Mako ne kawai, in ya ƙare wani ya kama.

Shekarar da nake magana a kanta, abin ya zo daki-daki, kuma ina lura da kowanne. Da fari ya daina saukowa cin abinci, sai a kai masa sama, kwanon ya dawo da rabi. Bayan nan Rukayya ta ce ya koma cin tuwo da cokali, yaron da ke yi wa ɗalibai dariya in sun nemi cokali. Sai wata rana ya sauko gaishe ni, na tura masa ƙosai a faranti, ina wanke-wanke ina kallonsa ta gefen ido. Ya miƙa dama, yatsun suka ƙi haɗuwa. Ya duba ko ina gani, sannan ya ɗauka da hagu ya kai baki da sauri. Ɗan malami, a gidana, yana ci da hagu. Ban juyo ba. Da ya fita na kira Rukayya.

"Je ki tambayi yayanki me ya sami hannunsa."

Ta je ta dawo. "Ya ce gajiya ce, Umma. Wai saura kaɗan labarin ya ƙare, in ya ƙare zai huta."

"Ki koma ki ce masa rai dangin goro ne."

"Na faɗa. Ya ce goron nan na Gwanja ne, yana da ƙarko."

Wannan saura kaɗan ɗin na ji shi kafin azumi, na ji shi cikin azumi, na ji shi bayan ƙaramar salla. Rukayya ce ta fahimtar da ni dalili. Duk lokacin da ya kawo labarin kusa da ƙarshe, sai kamfanin su ce mutane ba su ƙoshi ba, a ƙara wa mahaƙin rijiya wata wahalar. Akwai wata mata da ke kula da aikinsa, tana fitowa a kwamfuta su yi magana da Turanci. Sau ɗaya na ji muryarta, na hau kai wa Hindatu kuka da daddawa, ƙofar ɗakin aikin a buɗe. Murya ce mai daɗi, tana ta dariya. Na tambayi Rukayya me take cewa. Ta ce tana cewa kowa yana alfahari da shi, ya kula da lafiyarsa sosai, kuma kada ya manta kashi na gaba ranar Alhamis ne.

Ba zan ɗora wa matar nan laifin duka ba, don ba ta ɗaure shi da igiya ba. Yana son abin. Rukayya ta ce in zane ya fito masa yadda yake so, sai ya tashi yana zagaya ɗaki yana magana shi kaɗai kamar wanda aka yi wa bushara. Kuma yana tsoro. Ya ce mata in ya tsaya mako guda masu karatu za su koma wa wani, akwai masu zane birjik a duniya da ke jiran ya yi tuntuɓe su hau gurbinsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu wanda ya yarda wahala yake sha. Mutanenmu in ba su ga gumi ba, ba su ga aiki ba. Ɗalibai suna cin tuwo suna cewa ai shi ya huta, yana zaune a inuwa ga fanka, duniya tana kiran sunansa. Na aika wa Malam Isuhu ya zo ya yi masa faɗa a matsayin uba. Ya hau sama, ya daɗe, ya sauko yana murmushi da sabon littafi a hammata.

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mu da muka yi karatu a tsaye a masallaci cikin sanyin garin nan ba mu mutu ba, balle mai zaman kujera."

"Malam, ka ga hannunsa?"

"Na gani, ya naɗe shi da ƙyalle. Ma'alish, ba komai, ƙuruciya ce, zai warware. Addu'a za ki yi masa."

Ƙyallen da Malam ya gani ba na ciwo ba ne. Hindatu ce ta gaya mini gaskiyarsa, ranar da ta sauko da jaririyarta a baya ta durƙusa a ƙofar kicin, idonta ja. Ta ce yatsunsa ba sa iya riƙe alƙalamin, shi ne yake sa ta ɗaure masa shi a hannu da bandeji kowace safiya, ta kwance masa in zai yi alwala. Ta ce ya koma salla a zaune saboda baya. Ta ce ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, ta kai shi asibiti da ƙyar, likita ya ce jininsa ya hau irin hawan da ba na shekarunsa ba, jijiyar hannun kuma in ba a huta mata ba za ta mutu. Ya karɓi magani, ya dawo gida ya miƙa mata hannu ta ɗaure.

"Ke kuma kika ɗaure?"

"Umma, in na ƙi da haƙori yake ɗaurewa. Na yi kuka, na yi fushi, na ce zan tafi gidanmu. Ba ya jin kowa. Ke kaɗai zai ji."

"Kin san ba na shiga sha'aninsa."

"Na sani, Umma. Mu ma a Damagaram haka ake yi. Amma in aka shigo miki da shi a kwance, ranar ma aike za ki yi?"

Ban taɓa zaton yarinyar nan za ta iya gaya mini haka ba. Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ta tashi. Maganar kuwa ba ta tashi ba, ta zauna mini a ƙirji har babbar salla.

Kun san tun rasuwar mahaifinku gidana ne gidan sallar ɗaliban da ba su da kowa a garin nan, kuma yayanku ne ke yanka ragon layya. A ƙofar gini muke yi, bawwabi, wato maigadin ginin, ya share mana wuri ya jawo tiyon ruwa. Ranar an sauko daga idi, ɗalibai sun cika wurin da fararen kaya, Malam Isuhu yana kan kujera, mu mata muna leƙe daga matakala. Aka aika a kira shi. Ya sauko a makare, rigarsa tana yawo a jikinsa kamar ta aro, ko idin bai je ba. Aka kayar da rago, aka fuskantar da shi alƙibla, aka miƙa masa wuƙa. Ya karɓa, ya durƙusa, ya yi bisimilla. Hannun ya hau rawa. Ya kama shi da hagu ya danne, ya sake kai wuƙar, sai ta suɓuce ta faɗi a kan siminti. Ƙarar nan har yau tana kunnena. Wani ɗalibi ya so ya mayar da abin wasa.

"Yaya Mansur, ko a kawo alƙalami ka zana yankan?"

Babu wanda ya yi dariya. Malam Isuhu ya tashi ya naɗe hannun riga, ya ɗauki wuƙar ya yanka, bai dubi kowa ba. Yayanku ya miƙe, ya ce a yi masa afuwa, yau Alhamis ce, akwai shafukan da bai gama ba. Ya ratsa ta gabana a matakala, ya ɗan rusuna, ya hau.

Na tsaya ina jin takunsa, yana hawa yana hutawa kamar tsoho. Rukayya ta matso ta ce, "Umma, me zan ce masa?" Na ce babu. Na ɗaure zanena na bi bayansa. Ban taɓa taka ɗakin nan ba sai ranar. Labule a rufe da rana tsaka, kofunan shayi a ƙasa, takardu manne a bango har rufi, duk fuskar mutum guda ce, mahaƙin rijiyar, yana kallon sama. Yana kan kujera ya ba ni baya, bakin bandeji a haƙorinsa yana ja. Hindatu da Rukayya da Malam Isuhu sun biyo ni sun tsaya a ƙofa.

"Mansur."

Bandejin ya faɗo daga bakinsa. Ya juyo a hankali yana duban bayana, yana neman wanda ya yi maganar. Da ya gane ni ce, sai ya zamo daga kujera ya durƙusa. Tun ranar sunansa, da aka raɗa masa shi a kunne, bai taɓa jin sa a muryata ba. Ni ma baƙon abu na ji a harshena.

"Na'am, Umma."

"Kwance wannan abin."

"Umma, saura kaɗan. Wallahi wannan karon gaskiya ne. Na riga na san yadda zai fito, na ga ƙarshen. Ki bar ni in fito da shi, khalas, shi ke nan, in ajiye."

"Ka faɗi haka kafin azumi."

"Sun yarda yanzu. Kashi kaɗan ne."

"Mansur, in ka sake ɗaukar alƙalamin nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Malam Isuhu ya ce, "Subhanallahi, Hajiya!" Rukayya ta toshe baki. Kun san nauyin wannan magana a wurinmu, uwa ba ta faɗarta sau biyu a rayuwa, da yawa ma ba sa faɗarta ko sau ɗaya. Na san abin da na ɗauko, kuma na san ɗan da na haifa. Ya sunkuyar da kai ya tambaya.

"Har yaushe, Umma?"

"Har sai na ce."

Ya miƙa wa Hindatu hannu ta kwance. Alƙalamin ya bar masa kwarmi a jikin yatsa, baƙi ƙirin. Ya ajiye shi a kan tebur, ya kashe allon da hagu. Muka sauka aka ci nama. Shi ma ya zauna cikin mutane ya ci, Hindatu tana yanka masa ƙanana.

Ya bi maganata, ko sau ɗaya bai karya ba. Matar kamfanin ta kira ta sake kira, ya gaya mata mahaifiyarsa ta hana shi. Rukayya ta ce matar ta ɗauka wasa yake, ta yi dariya, da ta ga da gaske ne ta tambaya ko za a iya magana da ni. Na ce ba ni da abin faɗa mata. Ya shiga hannun likitoci, ana gasa hannun ana motsa shi. Ya koma barci irin na mutane, ya koma masallaci da ƙafarsa, kumatunsa suka dawo. Da sanyi ya shigo na gan shi ya murza lomar tuwo da dama, ya kai baki ba ta faɗi ba. Na bari aka kwashe kwanuka, sannan na yi masa magana da kaina, don tun ranar salla babu sauran aike tsakaninmu.

"Na ɗage maganata. Ka koma, amma da sharaɗi. Juma'a babu aiki, kuma a tebur ɗina za ka ci abinci."

"Na gode, Umma. Sai dai babu inda zan koma."

"Kamar yaya?"

"Sun ba wasu. Tun makonni kaɗan bayan salla."

"Labarin naka? Ba kai ka ƙirƙiro shi ba?"

"Ni na ƙirƙiro. Amma tun farko a yarjejeniyarmu nasu ne, in na kasa kawowa suna da ikon su ba wanda suka ga dama."

Wannan ban san shi ba ranar da na hau matakalar nan. Ni na ɗauka sana'a kamar gona ce, in ciwo ya kwantar da kai ka tashi ka tarar da ita, ko ciyawa ta cinye ta taka ce. Na tambaye shi me ya sa bai gaya mini ba. Ya ce na riga na rantse, bai ga amfanin ya sa ni cikin damuwa ba. Na ce to ya ƙirƙiro wani. Ya ce in sha Allahu. Bai ƙirƙiro ba. Masu zanen da aka ba suna nan suna jan labarin har yau, na ji ɗalibai suna cewa mahaƙin rijiyar ya yi yaƙi da aljanu, ya zama sarki a can ƙasa, ya manta da iyalin da yake nema. Ba a fito da shi ba.

Yayanku ya sami aiki a wani ofishin fassara a Dokki, ya kwashe iyalinsa suka koma can kusa. Aiki ne na safe zuwa la'asar, yana dawowa gida ya ci abinci da 'ya'yansa. Kowace Juma'a yana ƙetaro gari ya zo ya gaishe ni. Yana durƙusawa, ya tambayi ƙafata, ya tambayi abin da nake buƙata, ya kawo kafin in sake faɗa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa tayar da maganar ba. Amma zolayar nan ta ƙare. Ina kiran sunansa yanzu duk lokacin da na so, yana amsawa da ladabi kamar yadda ake amsa wa malamin makaranta.

Bara Rukayya ta zo mini da wani labari. Akwai wani abokinsa, mai zane ne shi ma a kamfanin nan, a wata ƙasa can gabas, tare suka fara, ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba amma kullum suna magana. Nasa labarin ya fi na yayanku karɓuwa. An same shi a kan kujerar aikinsa rai ya yi halinsa, bai kai shekara arba'in ba, ya bar mata da ƙaramin yaro. Rukayya ta ce, "Umma, yau dai Yaya zai gane abin da kika yi masa." Ni ma na sa rai. Ba godiya nake nema ba. So nake ya dube ni sau ɗaya yadda yake dubana da.

Da Juma'a ta zo ya shigo, ya gaishe ni, ya zauna a inda ya saba. Na yi masa ta'aziyya.

"Na ji rasuwar abokinka. Allah ya ba iyalinsa haƙuri."

"Amin, Umma."

"Aikin ne?"

"Aikin ne. Zuciyarsa ce ta tsaya."

Na zuba masa ido. Yana murza yatsan nan da babban yatsansa, yana kallon tabarma. Can ya ɗago, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Ya gama nasa, Umma. Kwana kaɗan kafin nan ya tura kashin ƙarshe. Na karanta. Ya yi kyau ƙwarai."

Ya tambaya ko maganin ƙafata ya ƙare, na ce da saura. Ya yi mini sallama ya tafi kama mota.

To kun ji yadda aka yi. Ban hana shi don haramun ba, ban hana shi don ƙiyayya ba. Na ga wuƙa ta faɗi daga hannun ɗana, na zaɓa masa abin da uwa za ta zaɓa, ban tambaye shi ba, kuma da za a mayar da ni matakalar nan zan sake hawa. Ku 'ya'yansa, uban da ke raka ku makaranta da ƙafarsa, ni na ƙwato muku shi. Abin da na ƙwace masa kuwa ba ni da hanyar mayarwa, shi ma bai taɓa nema ba. Allah ya sa in na kwanta dama yana cikin masu ɗaukata, da hannunsa biyu.